FASHIN BAƘI: Abin Da Ke Ɓoye Bayan Alkaluman Saurin Sabuwar Kwamfuta

Duk sa'ad da kamfani ya fito da sabuwar kwamfutar manyan ayyuka, irin wadda injiniyoyi da masu zanen gine-gine da masu binciken kimiyya ke amfani da ita, abin da ake fara yayatawa shi ne saurinta. Sai dai alkaluman da ake tallatawa a makonnin farko ba ƙarfin na'urar kaɗai suke nunawa ba. Akwai wata manhaja da ke tsakani, wadda ake kira kampaila, kuma ita ma tana da ta cewa.

Kampaila tafinta ce. Mai rubuta manhaja yana rubutu da harshen da ɗan Adam ke iya karantawa, kamar C ko Fortran, ita kuma sai ta juya rubutun zuwa umarnin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke ganewa. Idan tafinta ta ƙware, aiki zai tafi da sauri. Idan ta yi kwana-kwana, na'ura mai ƙarfi ma sai ta riƙa jan ƙafa. Saboda haka kwamfuta ɗaya na iya ba da sakamako biyu mabambanta idan aka sauya kampaila.

A nan ne batun ya tashi daga fasaha ya koma na gasar kasuwa. Kowace ƙwaƙwalwa tana ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera ta: ta Intel takan amsa da “GenuineIntel”, ta AMD kuma da “AuthenticAMD”. Wani masani ɗan ƙasar Denmark, Agner Fog, na cikin waɗanda suka bayyana yadda manhajojin da aka haɗa da kampailar Intel ke duba wannan suna kafin su zaɓi hanyar aiki. In ta Intel ce, sai su bi hanya mafi sauri. In ta wani kamfani ce, sai su bi mai jinkiri, ko da kuwa ƙwaƙwalwar na iya ɗaukar umarnin zamani. Mai gwada sabuwar na'urar AMD da irin wannan manhaja zai ɗauka na'urar ce ta gaza.

Lamarin ya kai gaban hukuma. A watan Nuwamban 2009, Intel ya amince ya biya AMD dala biliyan 1.25 domin kawo ƙarshen shari'o'in da ke tsakaninsu. A watan Disamba na shekarar, hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta shigar da nata ƙorafin, wanda ya haɗa da batun kampaila. An sasanta a watan Agustan 2010 ba tare da Intel ya amsa laifi ba, amma an wajabta masa sanar da masu amfani da kampailarsa cewa tana iya fifita kayansa a kan na wasu.

Bayan shekara 14, magana ta sake tasowa. Ƙungiyar SPEC, wadda aka kafa a 1988 domin tsara gwaje-gwajen sauri da kowa zai yarda da su, ta ɗora alamar gargaɗi a farkon 2024 a kan sakamako fiye da 2,600. Dalili kuwa shi ne kampailar Intel da aka yi amfani da ita an yi mata gyara na musamman domin wani sashe na gwajin, tamkar ɗalibin da ya ga tambayoyi kafin ranar jarrabawa.

Wannan ya shafi duk inda ake sayen na'urori da kuɗin jama'a, ko ma'aikata ce ko jami'a. Kafin a amince da alkaluman da ɗan kwangila ya gabatar, ya kamata a tambayi wace kampaila aka yi amfani da ita, da kuma wanda ya gudanar da gwajin. Akwai kampailoli irin su GCC da Clang waɗanda rubutunsu a buɗe yake, kowa na iya bincikarsa, kuma maimaita gwaji da su kan nuna ko tazarar ta gaskiya ce. Mafi inganci shi ne a ɗora wa na'urar ainihin aikin da za ta riƙa yi kullum, a auna lokacin da ta ɗauka, sannan a sa hannu a takardar biya.