Shekara 55 Ba Shi da Jiya

Mai karatu, a ce ɗanka ne, kuma shi kaɗai Allah ya ba ka. Tun yana ɗan shekara goma farfaɗiya ta fara taɓa shi, da ya zama saurayi ta koma kayar da shi warwas, a hanya ko a aji, duk inda ta ritsa da shi. An sha magani har an gaji. Yanzu shekararsa 27, ya bar aikin da yake yi a masana'anta, yana zaune a gida. Sai wani babban likita ya ce akwai aikin da zai gwada, amma fa sai an buɗe kai. Za ka sa hannu, ko za ka ja ɗanka ku koma gida?

Iyayen Henry Molaison sun amince, shi ma ya amince. A shekarar 1953 ke nan, a garin Hatfod da ke jihar Konetikat ta Amurka. Likitan kuwa shi ne William Scoville, gwanin tiyata mai ƙarfin hali, wanda ya saba yi wa masu taɓin hankali aiki a ƙwaƙwalwa. Abin da aka saba a tiyatar farfaɗiya shi ne a fara gano gefen da ciwon yake tasowa, sannan a cire wurin. An yi ta aune-aune a kan Henry, ba a gano gefen ba. Da kai ne likitan, me za ka yi? Za ka ajiye kayan aiki ka ce a yi haƙuri?

Scoville bai ajiye ba. Henry yana farke, an yi masa allurar kashe zafi kawai, likitan ya huda ƙoƙon kansa wuri biyu a saman idanu, ya ɗaga gaban ƙwaƙwalwar, ya zura siririn bututu can ciki. Akwai wani ɗan sashe lanƙwasasshe daura da kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, likitoci na kiransa hifokamfas. Ya zuƙe babban ɓangarensa tare da abin da ke kewaye da shi, ta gefen dama da ta gefen hagu duka. A lokacin babu wanda ya san takamaiman aikin wannan sashe. Henry ne zai sanar da duniya.

Farfaɗiyar ta yi sauƙi sosai. Ya tashi yana magana daidai, ya san sunansa, ya gane iyayensa, yana ba da labarin ƙuruciyarsa. Amma ya kasa gane hanyar banɗaki, ko sau nawa aka nuna masa. Ma'aikaciyar jinya za ta fita ta dawo, ya gaishe ta gaisuwar baƙuwa. Zai ci abinci, jim kaɗan ka tambaye shi, bai san ya ci ba. Mujalla ɗaya zai karanta yau, ya karanta gobe, kullum sabuwa ce a wurinsa. An faɗa masa rasuwar kawunsa da yake ƙauna, ya yi baƙin ciki, ya manta, ya sake tambaya, aka sake faɗa masa, ya sake jin zafin daga farko. Idan kai ne a matsayin mahaifiyarsa, ran nan da ya sake tambaya, gaskiya za ka faɗa masa ko shiru za ka yi?

Abin mamaki, basirarsa ba ta ragu ba. Gwajin kaifin hankali da aka yi masa bayan tiyata ma ya ɗan fi na kafin ta. Scoville ya firgita da abin da hannunsa ya jawo, kuma a yaba masa a kan abu ɗaya: bai ɓoye ba. Ya tuntuɓi Wilder Penfield, shahararren likitan ƙwaƙwalwa a Mantiriyal ta Kanada, shi kuma ya turo wata matashiyar mai bincike, Brenda Milner. A 1957 ita da Scoville suka wallafa labarin, suka sakaya sunan maras lafiyar da haruffa biyu, H.M., likitan kuma ya riƙa jan kunnen 'yan uwansa kada wani ya maimaita.

Milner ta ba shi lamba 584 ta ce ya riƙe. Ya riƙe ta har minti goma sha biyar, yana ta jujjuya ta a ransa. Da aka ɗauke masa hankali da wata magana, lambar ta tafi, har ma bai san an ba shi wata lamba ba. Ashe riƙe abu na ɗan lokaci aikin wani wuri ne daban, adana shi kuma aikin hifokamfas ne. Ka ɗauke shi kamar magatakardan da ke shigar da sabon abu cikin kundi: tsofaffin kundaye suna nan a kan kanta, amma mai rubuta sabo ya tafi. Kafin wannan, masana da yawa sun ɗauka tunawa a warwatse take a ƙwaƙwalwa baki ɗaya, ba ta da wata ƙofa ta musamman.

To, mai karatu, gyara zama. Milner ta ajiye masa takarda mai zanen tauraro mai tsini biyar, an zana shi da layi biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ta ce ya bi tsakanin layukan da fensir, amma ba zai ga hannunsa ba sai ta cikin madubi. Gwada wannan a gida ka gani: ka nufi sama hannunka ya yi ƙasa. Henry ya yi ta kauce wa layi kamar kowa. Aka maimaita, kuskure ya ragu. Washegari aka dawo, ya ce bai taɓa ganin wannan abu ba, amma hannunsa ya ɗora daga inda ya tsaya jiya. A rana ta uku ya zana tauraron sumul, shi kansa yana mamakin yadda abin ya zo masa da sauƙi. Wane ne ya koya, tunda shi bai san an koya masa ba?

Amsar ita ce ta sauya ilimin ƙwaƙwalwa. Tunawa iri-iri ce, kowace da mazauninta. Sanin abin da ya faru da abin da aka faɗa maka yana bi ta hifokamfas. Ƙwarewar hannu da jiki, irin ta tuƙa keke ko ɗinki, tana dogara ne da wasu sassan, ciki har da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ta ƙeya da wasu curarrun sassa a can tsakiya, waɗanda bututun Scoville bai taɓa ba.

Daga 1962 wata mai bincike, Suzanne Corkin, ta fara aiki da shi, ta ci gaba fiye da shekara arba'in. Bai taɓa riƙe ko wace ce ita ba, sai dai yakan ji kamar ya san ta, ya ce ai tare suka yi makarantar sakandare. Masu bincike wajen ɗari suka bi ta kansa, kuma sun shaide shi da haƙuri da fara'a, yana yawan cewa yana son abin da aka gano a kansa ya amfani wasu. Wannan magana tana taɓa ni, tana kuma damuna. Mutumin da ba zai tuna abin da aka yi masa da safe ba, yaya za a auna yardarsa? An amfana da shi ƙwarai, shi kuwa ko sanin girman kyautar da ya bayar bai samu ya riƙe ba.

Ya rasu ranar 2 ga Disamba 2008 yana da shekara 82, a gidan kula da tsofaffi, sai a sannan aka bayyana cikakken sunansa. Bayan shekara guda, a jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, aka yanka ƙwaƙwalwarsa falle-falle har 2,401 don nazari. Har yau ana yi wa masu farfaɗiyar da ta gagari magani tiyata a wannan sashe, da yawa kuma suna samun sauƙi, amma gefe ɗaya kawai ake taɓawa, kuma sai an gwada an ga ɗaya gefen zai iya riƙe aikin tunawa.