Kafson da ke warkar da mutum na iya kashe cincila da zomo

Cincila wata 'yar dabba ce mai kama da ɓeran masar, mai gashi mai laushin gaske, nauyinta wajen rabin kilo. Asalinta daga duwatsun Andis ne na Amurka ta Kudu, musamman ƙasar Cile. A shekarar 1923 wani Ba'amurke mai suna Mathias Chapman ya kai guda 11 jihar Kaliforniya don a kiwata su saboda fatarsu, yau kuwa a Turai da Amurka ana ajiye ta a gida kamar kyanwa. Ba ta jure zafi, saboda haka ba dabbar yankinmu ba ce. To amma likitocin dabbobi na can sun daɗe suna gargaɗi a kan wata matsala tata da ta shafi duk mai kiwon zomo ko mai sayar da magani a Birnin Ƙonni, Ɗan Isa ko Jibiya.

Cincila da zomo da ɓeran masar tsarin cikinsu iri ɗaya ne. Suna da wata babbar jaka a hanji, cike da ƙwayoyin halitta masu amfani waɗanda ke narkar masu da ciyawa. Idan aka ɗura wa dabbar maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin, amfisilin, amoksisilin, eritromaisin ko linkomaisin, sai ya hallaka waɗannan masu amfanin. Daga nan wata muguwar ƙwaya da ake kira kulostiridiyom ta samu fili ta hayayyafa, ta riƙa zuba guba a hanji. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Dabbar za ta ƙi abinci, kashinta ya ƙanƙance ko ya tsaya cak, ko kuma ta ɓarke da zawo, cikinta ya kumbura, ta takure a lungu. Waɗannan dabbobi ba sa iya amai. Idan suka yi awa 12 ba ci ba kashi, lamarin ya zama na gaggawa. Wani lokaci ma zawon kan zo ne kwanaki bayan an gama ba da maganin, sai mai kiwo ya ɗauka annoba ce ta shigo masa.

Akwai magungunan da likitoci suka fi natsuwa da su, kamar enrofuloksasin, amma su ma sai an auna nauyin dabba, kuma sukan rage mata cin abinci. Don haka ake haɗawa da ruwa da busasshiyar ciyawa mai yawa, a rage hatsi, a riƙa ɗura mata abinci da sirinji in ta ƙi ci.

Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne, amfisilin da amoksisilin na cikin kafson da aka saba gani a farantan 'yan talla. Duk wanda ya zo neman su don zomayensa, a tura shi wajen malamin dabbobi. Ribar kafso goma ba ta kai kuɗin zomo guda ba, kuma wanda ya wayi gari ya tarar da mushe a keji ba zai manta da rumfar da ya sayi maganin ba.