Damben Zamani: Bambancin Ɗan Wasan Sha'awa Da Ɗan Wasan Sana'a

Wanda ya saba zuwa gidan dambe na Dei-Dei a Abuja ya san yadda saurayi kan shiga fage. Ya ɗaure hannunsa da zare, makaɗi ya zuga shi, ya nemi sa'ansa, in ya yi kisa 'yan kallo su yi masa kari. Damben zamani, watau wanda ake yi da safar hannu a kan dandali mai igiya, ba haka ake shigarsa ba. Ƙofa biyu gare shi, ta sha'awa da ta sana'a, kowace da hukumarta da sharuɗɗanta. Rashin sanin haka ya sa samari da dama sun yi wa kansu asara, saboda haka ya kamata iyaye da malaman wasanni su fahimci bambancin.

Ɗan damben sha'awa shi ne mai fafatawa da sunan makarantarsa, ko kulob ɗinsa, ko Jiharsa, ko ƙasarsa. Ladansa lamba ce ta zinariya ko azurfa ko tagulla. Akan ba shi kuɗin guzuri, Gwamna ma ya kan yi masa kyauta in ya ciwo nasara, amma ba a yin cinikin karawar kafin a hau dandali. Hanyarsa tana farawa ne daga kulob, zuwa ƙungiyar dambe ta Jiha, sannan Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas cikin 1973, aka kuma yi karo na 19 a Abuja cikin Disamba 2018. Daga nan ake zaɓen masu wakiltar Nijeriya a Wasannin Afirka, irin wanda Abuja ta karɓi baƙuncinsa a 2003, da Wasannin Olimfik.

Ba shi ne ke shigar da kansa gasa ba, ƙungiyarsa ce ke aika sunansa. Lalle ne ya zo da shaidar shekarunsa, domin an raba 'yan wasa rukuni-rukuni: 'yan shekara 15 da 16, 'yan 17 da 18, sai manya daga 19 zuwa 40. Lalle ne kuma ya riƙe littafin wasansa, inda ake rubuta sakamakon binciken likita da kowace karawa da ya yi. Wanda aka buge har ya kasa tashi, sai ya huta aƙalla kwana 30 kafin a yarda ya koma. Abokin karawa kuwa ƙuri'a ce ke fitar da shi daga cikin masu nauyi irin nasa. Manya suna yin turmi uku ne, kowane minti uku, sanye da singileti ja ko shuɗi.

Ɗan damben sana'a shi kuma da hannunsa yake ci. Ba Jiha ce ke aika shi ba. Sai ya nemi lasin daga Hukumar Kula da Damben Sana'a ta Nijeriya, wadda ke aiki tun zamanin Turawa, likita ya auna shi, ya sami manaja, sannan mai shirya wasa ya haɗa shi da abokin karawa. Tun da sauran makonni an san wanda za a kara da shi, da nauyin da aka yi alkawari, da kuɗin da za a biya, duk a rubuce cikin yarjejeniya. Sabon shiga yakan fara da turmi huɗu, a hankali a kai shi shida, takwas, goma. Wasan neman kambu turmi 12 ne. A da 15 ake yi, aka rage bayan rasuwar wani ɗan damben Koriya, Duk Koo Kim, cikin 1982.

A nan ne fa ake bukatar natsuwa. Kuɗin da aka ambata a yarjejeniya ba duka ne ke shiga aljihun ɗan wasa ba, manaja yana da kasonsa, mai koyarwa ma haka. Yaron da bai ƙware ba, masu shirya wasa sukan neme shi ne don wani ya gyara lissafinsa a kansa. Wanda bai iya karatun takardar ba ya sa wanda ya amince da shi ya karanta masa ita, baƙi bayan baƙi, kafin ya dangwala hannu.

Shekaru masu yawa katangar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ba ta tsallakuwa sai sau ɗaya. Duk wanda ya karɓi kuɗin karawa ya yi ban kwana da Olimfik. Tsananin dokar ya kai har a 1913 aka ƙwace lambobin zinariya biyu na Jim Thorpe, ɗan Amurka, don an gano ya taɓa karɓar ɗan albashi a wani wasan ƙwallo daban. Hogan Bassey, wanda ya ci kambun duniya a Faris cikin 1957, da Dick Tiger, wanda ya ci nasa a 1962, 'yan sana'a ne. Lambar Olimfik ta farko da Nijeriya ta samu kuwa ɗan sha'awa ne ya kawo ta, watau tagullar Nojim Maiyegun a Tokyo cikin 1964.

A 2016 aka sassauta, aka bar 'yan sana'a su nemi gurbin Olimfik. Uku ne kacal suka je Riyo, cikinsu da Hassan N'Dam na Kamaru, ba kuwa wanda ya dawo da lamba. Wanda ya saba tanadin ƙarfinsa don turmi 12, kafin ya ɗumama an gama uku. Wannan sassauci bai buɗe kowace gasa ba, don haka mai lasin sana'a ya nemi ƙa'idar gasar da yake so a rubuce tukuna.

Tafarkin da aka fi gani da amfani shi ne na jeri. Samuel Peter ya wakilci Nijeriya a Olimfik na Sidni a 2000, ya shiga sana'a a 2001, ya ci kambun duniya na masu nauyi a 2008. Efe Ajagba ma sai da ya ci zinariya a Wasannin Afirka na Barazabil a 2015, ya je Riyo, kana ya sa hannu a 2017. Saurayin da ke son farawa ya tafi ofishin wasanni na Jiharsa, ko na Birnin Tarayya in a Abuja yake, da takardar haihuwarsa da yardar iyayensa in bai kai shekara 18 ba.