Hasken Waje da Aikin Ɗaki a Zanen Fentin Mai

Duk wanda ya hango tsauni daga nesa a lokacin hunturu ya san yadda hazo yake shanye launinsa, ya dusashe gefensa har ya kusa sajewa da sararin sama. Wannan abin da ke tsakanin ido da tsauni, wato ƙura, danshi da hasken da ke ratsa su, shi ne abin da mai zanen yanayi yake farauta da fentin mai. Mutane da yawa sun ɗauka cewa irin wannan zane ba ya yin gaskiya sai an fara shi a fili an kuma ƙare shi a fili. Tarihin sana'ar bai goyi bayan wannan zato ba. A waje ake samo haske, amma mafi yawan manyan zane-zanen da ake yabo a ɗakin aiki aka kammala su.

Dalilin farko yana cikin fentin kansa. Garin launi ne da aka kwaɓa da mai, galibi man linsid, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe. A fili wannan jinkiri alheri ne, domin mai zane yana iya shafa gefen gajimare cikin shuɗin sama tun suna ɗanye, su haɗu ba tare da iyaka ba. Sai dai zurfin hazo da ƙyallin ruwa sukan buƙaci a ɗora siririn fenti mai shara-shara a kan wanda ya riga ya bushe, a jira, a sake ɗorawa. Rana kuwa ba ta jiran kowa. Cikin awa biyu inuwa ta sauya wuri, launin ciyawa ya canja, hadarin da aka fara zanawa ya watse. Shi ya sa tun a 1800 mai zane Bafaranshe Valenciennes ya shawarci ɗalibai a littafinsa da kada zanen gwaji na waje ya wuce awa biyu.

John Constable na Ingila ya nuna yadda ake raba aikin. A 1821 da 1822 ya riƙa fita tudun Hampstead da ke arewacin Landan yana zana gajimare zalla a kan takarda, sau da yawa babu ko reshen itace a ciki. A bayan takardar yakan rubuta kwanan wata, lokaci da inda iska ta fito, kamar ma'aikacin hasashen yanayi. Amma shahararren zanensa The Hay Wain, keken dawakai a cikin ruwan kogin Stour ƙarƙashin gajimaren tsakar rana, a ɗakinsa na Landan ya yi shi, nesa da kogin, bisa ƙananan zane-zanen da ya tara. Faɗinsa ya kai ƙafa 6, wanda ba abin ɗauka zuwa bakin kogi ba ne. Da aka nuna shi a Landan a 1821 bai samu mai saye ba, sai a Faris a 1824 ya ci lambar zinariya.

Mai ja zai ce wannan tsohon yayi ne, kuma kayan aiki ne suka tilasta shi. Da gaskiyarsa ta wani gefen. A da, a mafitsarar alade ake ɗaure fenti, a huda a matso, ragowar ta bushe. Sai a 1841 Ba'amurke John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun kuza da ake matsawa, fita da fenti ta yi sauƙi, kuma Claude Monet da abokansa suka yi suna da zane a fili. To amma a dubi abin da Monet ya yi da hazon Landan. Tsakanin 1899 da 1901 ya zauna a otal ɗin Savoy da ƙyallayen zane masu yawa a gefensa, yana ajiye wannan ya ɗauki wancan duk lokacin da haske ya sauya a kan kogin Tems. Bai gama su a can ba. Ya kwashe su zuwa gidansa na Giverny ya ci gaba da gyara, yana jera su yana daidaita launin wannan da na wancan, sai a 1904 ya fito da 37 daga cikinsu a Faris. Mutumin da aka fi jingina wa zanen waje ke nan.

Akwai kuma masu ja daga ɗaya gefen, waɗanda ke ganin tunda kyamara ta zo, fita ta zama wahalar banza. Hoto yana da amfani wajen riƙe siffar gada ko rufin gida, ba a musu. Matsalarsa ita ce idan ya kama hasken sama yakan mayar da inuwa baƙa ƙirin, idan ya kama inuwa sai sama ta fito fara fat. Idon da ya tsaya a wurin yana ganin shuɗi da ruwan hoda a cikin inuwar, yana kuma ganin yadda launi yake raguwa mataki-mataki zuwa nesa. Waɗannan ne mai zane yake ɗebowa a ƙaramin allonsa, domin ranar da ya tsaya gaban babban ƙyalle a ɗaki ya samu abin da zai auna launinsa da shi.