Hoton Takarda ko Bugun Littafi: Ina Za a Karanta Emily Dickinson?

Lokacin da Emily Dickinson ta rasu a garin Amherst na Amurka a 1886, waƙoƙinta kimanin goma ne kacal suka taɓa fitowa a bugu, su ma ba da sunanta ba. Ƙanwarta Lavinia ce ta tarar da tarin takardunta. Jimillar waƙoƙin ta kusa 1,800: wasu cikin ƙananan littattafai 40 da ta ɗinke da zare, wasu a wasiƙu, wasu a bayan ambulan. Daga baya masana suka rabu a kan yadda za a miƙa su ga mai karatu, ko dai a kwafe su a buga, ko a nuna hoton takardun yadda suke.

Kwafi ne ya fara, kuma da ƙarfin hali. A bugun 1890, Mabel Loomis Todd da Thomas Wentworth Higginson sun laƙaba wa waƙoƙin take, sun sauya kalmomi don amsa-amo ya daidaita, sun share yawancin gajerun layukan da take ja tsakanin kalmomi. Sai a 1955 Thomas H. Johnson ya fitar da waƙoƙi 1,775 bisa rubutunta, R. W. Franklin ya biyo da 1,789 a 1998. Ta wannan hanya ce waƙoƙin suka shiga aji, aka haddace su, aka fassara su.

Amma ko amintaccen kwafi sai ya yanke hukunci. Dickinson takan sa 'yar alamar giciye kusa da kalma, sannan a ƙasan shafi ta jero wasu kalmomin da za su iya maye gurbinta, ba tare da ta zaɓi ɗaya ba. Edita kuwa dole ya ɗora ɗaya a baiti. Gajerun layukan da take ja ma ba tsayinsu ɗaya ba, wani ya karkata sama, wani ƙasa, amma injin bugu ya mayar da su iri guda.

Hoto ya magance wannan. Franklin ya buga hotunan ɗinkakkun littattafan a 1981, kuma tun 2013 ana iya duban takardun da ke Jami'ar Harvard da Kwalejin Amherst a intanet. Mai karatu yana ganin zaɓin a buɗe yadda ta bar shi. Sai dai hoto ba ya bayani. Rubutunta ya yi ta canzawa, daga baya haruffan suka yi girma suka warwatse, har kalma uku kan cika layi. Idan ta sauko ƙasa, baiti ne ya ƙare, ko takarda ce ta gaza? Wanda bai saba da hannunta ba, zai tsaya nan.

A ganina kwafi ba ya da makawa, domin shi ne ke sa a karanta waƙa. Sharaɗinsa shi ne ya faɗi inda ya zaɓa, ya jero abin da ya bari, ya ajiye hoton a gefe don a bincike shi. Todd da Higginson sun zaɓa sun yi shiru, shi ya sa shekara 65 mutane suna karanta gyaransu suna zaton kalamanta ne.