Damana: kowane kare mai yawo yana da ubangiji

A Damana, kamar sauran garuruwan kwarin Dallol Boso tun daga Balleyara har Filinge, ƙarar kare ba baƙuwa ba ce a ƙofar maigari. Yau an kashe ɗan akuya, gobe an fasa ƙwan zabi, jibi an yaga zanen yarinya mai talla. Galibi maganar takan ƙare da « a yi haƙuri ». Amma akwai ranar da haƙuri ba ya wadatarwa, ita ce ranar da haƙorin kare ya shiga jikin yaro. Saboda wannan rana ya kamata maƙwabta su san tun yanzu abin da doka ta ce, da abin da likita ya ce, da kuma hanyar da za su bi ba tare da zumunci ya lalace ba.

Abin da ya sa ake ajiye shi

Damana ita ce babban garin ƙaramar hukumar Tondikandiya, cikin gundumar Filinge, a jahar Tillaberi. Zabarmawa ne suka fi yawa a cikinta, amma kasuwa da kiwo da auratayya sun haɗa su da Kurfayawa da Fulani da Buzaye tun kaka da kakanni. Bazabarme ya ce hansi, Bahaushe ya ce kare, Bafillace ya ce rawandu, Buzu ya ce idi, kuma kowanensu yana da dalilinsa na ajiye shi. Makiyayi yana son sa saboda dila da ɓarawon dare. Mai noman rani, irin masu dankalin turawa na Bonkuku, yana son sa ya tsare garka. Ɗan kasuwa yana ɗaure shi a bakin shago ko sito. Mafarauci kuwa ba ya fita daji sai da shi. Har ma wannan kwari namu, wanda can arewa ake kiransa Azawak, shi ne ya ba da sunansa ga dogon karen farautar nan na Buzaye da Turawa suka fara kaiwa ƙasashensu a shekarun 1970, suke kiwonsa yanzu da tsada.

Ke nan babu mai cewa a raba ƙasar nan da kare. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake riƙonsa. A gidaje da yawa ba a ware masa abinci, sai abin da ya rage a tukunya, in ya rage. Da gari ya waye sai ya kama hanyar kwata da rumfunan mahauta da juji, da dare kuma ya haɗu da ƴan'uwansa su zama garke. Karen da ke ladabi a gidan ubangijinsa yakan zama wani abu dabam in ya shiga cikin biyar ko shida. Irin wannan garke ne ke faɗa wa ƴan awaki a turke, shi ne ke tare masu zuwa sallar asuba da yaran da ke tafiya lakwal.

« Ba nawa ba ne »

Duk wanda ya taɓa kai ƙarar kare ya san amsar farko: « Ba nawa ba ne, yara ne suka kawo shi. » Alhali kuwa unguwa duka ta san gidan da yake kwana da sunan da ake kiransa da shi. Binciken da aka yi a birnin Njamena na ƙasar Cadi, da wasu wurare na Afirka, ya nuna cewa mafi yawan karnukan da ake gani suna yawo suna da masu su, marasa gida kaɗan ne. Waɗannan kaɗan ɗin ma mutane ne suka samar da su. Karya ta haihu, an zaɓi namiji ɗaya, an zubar da sauran a bayan gari. Ko kuma ma'aikacin gwamnati, malamin lakwal ko jami'in wata ma'aikata, ya ajiye kare shekara biyu ko uku, takardar canjin wurin aiki ta zo, ya ɗora kayansa a mota ya bar karen a ƙofar gida. Wannan ɗabi'a ta zama abin kunya ga ma'aikata, domin su ne ya kamata su zama abin koyi.

Abin da doka da shari'a suka ce

Kundin dokokin farar hula da Nijar ta gada daga Faransa bai bar wata kafa ba. Aya ta 1385 ta ɗora wa mai dabba, ko wanda yake amfani da ita, alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa, ko ta ɓace, ko ta kuɓuce. Wato cewa « ya tsinke igiya » ba hujja ba ce a gaban alƙali. Mai kare shi zai biya ɗan akuyar da aka kashe, shi zai biya kuɗin magani da na mota in an ciji mutum.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar nan, sun yarda a ajiye kare domin tsaron dabbobi da gona da kuma farauta. Amma sun ajiye hukuncin kare mai cizo kusa da hukuncin katangar da ta karkata tana shirin faɗuwa: idan an gargaɗi mai shi a gaban shaidu, ya yi sakaci, to duk abin da ya auku bayan haka yana wuyansa. Wannan hukunci yana da hikima babba, domin ya nuna wa maƙwabci matakin farko. Gunaguni a bayan ido ba ya kafa hujja, gargaɗi a gaban shaidu shi ke kafa ta.

Tsakanin maƙwabta da kotu kuwa akwai sarakunan gargajiya. Dokar sarauta ta ranar 13 ga Janairu 2015, wadda ta maye gurbin ta 1993, ta tabbatar wa maigari da mai unguwa da sarkin kanto ikon yin sulhu a rigingimun al'ada da na dukiya, tare da rubuta takardar sulhu. Sai in sulhu ya gagara ake dangana da kotun Filinge. Mutane da yawa suna zuwa gaban maigari, amma kaɗan ne ke neman a rubuta abin da aka yanke. Ga ɗan kasuwan da ya saba da rasit, wannan bai kamata ya zama baƙon abu ba.

Ciwon da ba ya da magani in ya bayyana

Da a ce ɓarnar kare ta tsaya a kan zabi da awaki, da maganar ba ta kai shafin jarida ba. Abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59.000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na waɗanda suka kamu, daga kare suka samo shi, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake: yaro ne ke wasa da kare, a fuska ko a hannu ake cizonsa, kuma yakan ɓoye don gudun faɗa.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. In ta shiga rauni sai ta bi jijiya sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda kawai, wani lokaci har shekara. A nan mutane ke ruɗuwa: rauni ya warke, an manta, sai wata rana zazzaɓi ya zo, da firgita, da tsoron ruwa. Da zarar waɗannan alamu sun bayyana, kusan babu wanda ke tashi. Ba mutum kaɗai ba, saniya da jaki da raƙumi duk suna kamuwa, kuma dila na iya kawo cutar daga daji.

Amma wannan jinkiri na cutar shi ne kuma ƙofar tsira. Tun ranar 6 ga Yuli 1885, lokacin da Luwi Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allura a birnin Paris bayan mahaukacin kare ya cije shi, duniya ta san ana iya riga cutar isa ƙwaƙwalwa. Abin yi na farko ba ya bukatar ko dala: a wanke raunin nan take da ruwa mai yawa da sabulu har tsawon minti 15. Kada a zuba toka ko barkono, kada a ɗora gashin karen kamar yadda ake yi a wurare da yawa, kada a ɗaure raunin tamau. Daga nan a nufi gidan likita a ranar, ko da ƙarzuna ce kawai. Allurar ba ɗaya ba ce: ana yin ta ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, wani tsarin kuma yana ƙara ta huɗu daga baya. Wanda ya yi ɗaya ya tsaya bai gama ba.

A nan ne talaka ke shan wuya. OMS ta ƙiyasta kuɗin wannan magani a kan dalar Amurka 108 ga mutum guda, wato wajen jika 60. Allurar tana bukatar firji, don haka sau da yawa sai an dangana da babban gari, ga Yamai tana da nisan kilomita sama da 100 daga Damana, ga rashin tsaron da ya addabi jahar Tillaberi a shekarun nan ya sa tafiya ta ƙara wuya. Allurar rigakafin kare guda kuwa ba ta kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Lissafin ba ya bukatar malamin lissafi.

Guba ba ta raba gardama

Idan kare ya yi cizo, abin da jama'a suka saba yi shi ne su bi shi da sanduna su kashe, su jefar. Wannan yana ɓatar da shaida. Ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce a ɗaure karen da ya yi cizo, a ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana 15. In ya wuce waɗannan kwanaki lafiya lau, to yawunsa ba ya ɗauke da cutar a ranar cizon. In ya mutu ko ya canza hali, ko kuma dole ta sa an kashe shi, a sanar da ma'aikatar kiwo domin a kai kansa ɗakin bincike na LABOCEL a Yamai, kuma kada kowa ya taɓa gawar da hannu tsirara. Sai dai wanda aka ciza ba ya zaman jiran sakamako, yana fara allura tun ranar farko.

Shi kuma maƙwabcin da haushi ya sa ya jefa nama mai guba da dare, ya sani bai yi maganin komai ba. Guba ba ta tantance karen da aka yi wa rigakafi da wanda ba a yi wa ba, tana kashe kyanwa da kaji, yaro na iya ɗauka, kuma tana kashe ungulu, wadda ita ce ke share mushe kyauta. A Indiya, da ungulaye suka kusa ƙarewa tun daga shekarun 1990 saboda wani maganin dabbobi mai suna diclofenac, mushe ya yi yawa, karnukan titi suka ƙaru. Muddin juji da kwata suna nan a buɗe, in an kashe goma wasu goma za su maye gurbinsu. Banda haka, gaba ce ake shukawa tsakanin gida biyu, wadda za ta daɗe fiye da ran kowane kare.

Hanyar da aka gwada ta yi aiki ita ce rigakafi. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. An gwada haka a Njamena a 2012 da 2013, kyauta, unguwa-unguwa, aka wuce wannan adadi, har aka shafe watanni da dama ba a samu mahaukacin kare a birnin ba. Daga baya cutar ta dawo ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga waje, abin da ke nuna cewa aikin ba na shekara guda ba ne, kuma ba na gari guda ba ne.

Abin da ya rage gare mu

Ga wanda karen maƙwabci ya dame shi, hanya a shimfiɗe take. Ya fara zuwa da kansa, da sallama, ba cikin fushi ba, kuma kada ya aiki yara ko ya bar mata su yi ta musayar magana ta kan danga. In ba a ji ba, ya koma da dattijai biyu, su zama shaidun gargaɗi. In an sake, sai gaban maigari, a ƙiyasta ɓarna, a rubuta. Ga mai kare kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: ya ciyar da shi, ya ɗaure shi a inuwa da rana, ya tsare shi cikin gida ko garka da dare, ya kai shi a yi masa allura tun yana wata 3, ya sabunta kowace shekara, ya adana takardar. Ma'aikacin da zai bar gari ya tafi da karensa, ko ya damƙa shi hannun wanda ya yarda a gaban mai unguwa.

Magabata ma suna da nasu kason. Ma'aikatan kiwo suna zagayawa kowace shekara domin rigakafin shanu da tumaki da awaki. Sa kare cikin wannan zagaye, da killace kwata, da tanadin allurar cizo kusa da jama'a, ba su fi ƙarfin hukuma ba. Ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kawar da mutuwar mutane ta wannan ciwo kafin 2030, kuma ana tunawa da shi kowace ranar 28 ga Satumba. Amma alkawarin da aka ɗauka a Janeba ba zai iso Damana da Shikal da Bonkuku ba, sai ranar da mai kare ya daina cewa « ba nawa ba ne ». Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.