Ƙaramar rina mai kashe murzuna

Kowane manomi ya san murzuna. Ita ce tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, tana barin hanya a murɗe a jikinta. Wata shekara takan rage amfanin gona sosai. Amma murzuna tana da abokiyar gaba: wata ƙaramar rina.

Wace ce ita?

Masana suna kiranta Habrobracon hebetor. Wani masanin ƙwari na Amurka, Thomas Say, shi ya fara bayaninta, aka buga bayanin a 1836. Danginta ɗaya da zanzaro da ƙudan zuma da tururuwa. Tana cikin zuriyar da ake kira Braconidae. Girmanta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ba ta harbin mutum, ba ta cin hatsi.

Yaya take aiki?

Macen ce ke farauta. In ta samu tsutsa, sai ta harbe ta. Dafin yakan kashe jikin tsutsar, ta daina motsi, ta daina ci. Sa'an nan rinar ta saka ƙwai a bisa jikinta. Bayan kwana 1 ko 2 ɗiyan su ƙyanƙyashe, su yi ta tsotson tsutsar har ta mutu. In sun ƙoshi, kowane ya saƙa ɗan farin gida ya shiga. A lokacin zafi, cikin kamar kwana 10 sabuwar rina ta fito, ita ma ta shiga farauta.

Don me ake kiwonta?

A daji rinar ba ta yawa sai ƙarshen damana, bayan murzuna ta gama ɓarna. Shi ya sa tun 2006 masu bincike na INRAN a Maraɗi, tare da na Mali da Burkina Faso, suka shiga kai ta ƙauyuka da wuri. Cikin ƙaramin buhu ake zuba hatsi da gari, da tsutsotsin wani ƙwaro mai cin hatsin ajiya, da macen rina 2. Ana rataye buhunan lokacin da hatsi ya fara fidda kai. Sababbin rina su fito ta ƙofofin buhu, su bazu cikin gonaki.

Abin kiyayewa

A rataye buhu inda ruwan sama da tururuwa ba su kai gare shi. Kada a fesa maganin ƙwari kusa, don yana kashe rina. Rina ba ta san iyakar gona ba, saboda haka aikin na gari duka ne. Mai son ƙarin bayani ya nemi malamin gona.